Jar Akuyar Kakana

A garinmu in ka tambayi gidana da sunan da ubana ya raɗa mini, sai an tsaya tunani. Amma ka ce gidan ɗan akuya, ko makaho ya nuna maka da sanda. Ina amsawa kuma. Mutum ya kira ni haka daga ƙetaren kwalta, in ɗaga hannu in ce lafiya lau. Na yi yawo, na sha sunaye iri-iri. A Abijan duk wanda ya fito daga arewa sunansa ɗaya. A Tamanrasat mu baƙaƙe sunanmu ɗaya, ba ni son maimaita shi. Amma wanga suna na gida daban yake, don ba maƙiyi ne ya sa mini shi ba.

Bari in fara daga nono.

Da anka haife ni a Kore Mairuwa, nonon uwata ya kumbura. Tsofaffin mata na lokacin suna da gwajinsu. A tatsa kaɗan cikin ludayi, a jefa tururuwa. In ta yi iyo ta fita, nono lafiya lau. In ta mutu, nono ya ɓaci, ba a ba jariri. Tururuwar da anka jefa cikin nonon uwata ba ta iya iyo ba. Sai anka bar ni da ruwan zafi da jiƙo, ina tsala ihu har unguwa ta gaji da ni.

Bayan dangarmu akwai wata mata mai sabon goyo. Baƙuwa ce, daga wani ƙauye can arewa da Sukukutane anka auro ta, mijinta mai ginar rijiya ne. Ba wanda ya roƙe ta. Kukana ne ya hana ta daka, ta ɗaga zana ta shigo, ta ce a miƙo mata mai algaitar nan. Ɗanta a dama, ni a hagu, har anka yaye mu tare. Duk unguwa ta sani. Ina ce mata Inna, ita kuwa ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai acici. Ta ce na sha nawa na sha na ɗanta, shi ya sa na fi shi kaurin wuya.

Duniya ba ta bar mata kowa ba. Rijiya ta rufta da mijinta. Ɗan nata, wanda munka raba nono, ya bi ta Agadas zai tafi Libiya, ya kira daga bakin hamada, daga nan waya ta yi shiru har yau. Iyayena ma sunka rasu, gidan ya dawo hannuna. Ni kuwa ina bin manyan motoci da albasa da wake, Kwatano, Lome, Akara, duk inda taya ta kai. Kowace dawowa sai na fara shiga wurin Inna kafin in cire takalmi a ɗakina. In miƙa mata sabulu, ta shinshina, ta harare ni.

"Acici, wanga na Kwatano ne, ko a tashar Dogon Dutsi ka saye shi don ka manta da ni sai da ka ga gida?"

"Inna, daga bakin teku na ɗauko shi."

"Tekun da ke bayan masu tsire, na san ta."

Da gwiwata ta fara ciwo sai na rage nisa, ba ni wuce Gaya da Kamba. Maiɗakina tana tuyar ƙosai bakin kwalta da safe, ɗiyarmu babba tana lakwal, makarantar boko. Da yamma kwano biyu ke fita daga gidana. Ƙarami ya bi ta zana zuwa wurin Inna, babba in ɗauka zuwa ciyayya.

Ga wanda bai san ciyayya ba: bayan magariba kowane magidanci na layinmu shina fitowa da kwanon gidansa, mu zauna kan tabarma bakin ƙaramin masallaci. A buɗe kwano ɗaya, kowa ya sa hannu, a cinye, a jawo na gaba. Wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba, ya zo ya zauna, ba mai tambaya. Akwai liman, tsoho abokin ubana. Akwai taubashina, ɗan gwaggona, tela ne, tun muna yara ba mu haɗuwa ba mu zagi juna ba. Akwai wani matashi mai butik, ɗan shagon unguwa, mai gemu da ɗagaggen wando, wanda ke gyara mana addini tsakanin loma da loma. Da sauran maza. Kwanona ake fara buɗewa kullum, don maiɗakina ta iya miyar kuka da daddawar batso, in ta kaɗa ta har layin baya ana haɗiyar miyau.

Wata shekara, ƙarshen damina, lokacin da sauro ya ƙoshi kuma zazzaɓi ke bin gida gida, wata yarinya ƙarama ta layinmu ta kwanta. Jiki ya yi zafi, ido ya juye, ta shiga sambatu. Cikin sambatun ta yi ta cewa tsohuwa, tsohuwa. Sai wata ta tuna jiya an ga Inna ta ba yarinyar dafaffiyar gyaɗa. Inna kuwa duk yaron da ya gitta ƙofarta sai ta ba shi wani abu, ko da ƙanzo ne. Amma ranar ba a tuna da sauran yaran ba.

A wurinmu in anka ce maye ya kama kurwar mutum, sai a kawo shi ya tsallake marar lafiya, ya kurkure baki cikin ƙwarya a ba shi ya sha, wai ya saki kurwar. Ina Gaya ranar. Sunka je sunka fiddo Inna daga ɗaki, kallabinta a hannu. Ta tsallaka. Ta kurkure baki. Da na tambaye ta daga baya don mi ta yarda, sai ta ce, "Na ga uwar tana birgima a ƙasa. Na ce in tsallakawata za ta tashe ta, ƙafa ce kawai, mi zan rasa?" Ba ta san cewa in ka tsallaka ka amsa laifi ba. In ka ƙi kuma, ka ƙi sakin kurwa.

Sai da anka gama wannan duka anka nemi mota zuwa Dogon Dutsi. Yarinyar ta cika suna isa. Majo, mai duba marasa lafiya a asibiti, ya ce palu ne, zazzaɓin sauro, ya hau mata kai, an makara. Ba wanda ya musa mishi. Sunka ce e, palu ne, amma wa ya aiko shi?

Na dawo na tarar da unguwa tana warin tafarnuwa, an rataya wa kowane yaro a wuya. In Inna ta je famfo, mata su janye bokitansu, su ba ta fili kamar matar kumandan. Yara su leƙa ƙofarta su ce kurwata kur, su zura da gudu, yaran da gyaɗarta ke cikinsu. Sai kuma anka fara tune-tune. An tuna baƙuwa ce, ba wanda ya san kakanninta. An tuna mutanen can arewa ba su daɗe da barin tsafi ba, kamar mu namu kakannin da allo anka haife su. An tuna mijinta, an tuna ɗanta. Matar da munka yi shekaru muna yi wa jaje, yanzu ita ta cinye su.

Na yi faɗa. Na shiga gidaje, na ɗaga murya, abin da ba halina ba. Kowa ya ce in yi haƙuri, ba ni nan abin ya faru.

Ban san wa ya fara tunawa da nono ba. Maita, in ji masana, a nono take. Wanda ubansa ne maye, gani kawai yake yi, shina hangen hanjin mutum kamar cikin kwalba, amma ba shi ci. Wanda ya tsotsa a nono, shi ne mai ci.

A ciyayya taubashina ya fara, da wasa. "Kai ɗan kawu, daina kallon cikina. Wake ne kawai a ciki, na rantse." Anka yi dariya, ni ma na yi, na ce ko yunwa za ta kashe ni ba ni cin tela, duk zare ne. Washegari ya sake faɗa, dariyar ta ragu. Daga baya bai sake faɗa ba, sai ya koma ɗaya gefen tabarma.

Kwanona ya tashi daga na farko ya koma na ƙarshe. In an iso gare shi, kowa ya ƙoshi. Sannan sai ya zama in na sa hannu cikin kwanon wani, hannuwa su rage gudu, mutum ya tuna bai yi nafila ba. A ƙarshe sunka samo dabara mai ladabi. Da na zauna sai a turo mini kwanona, a ce, "Kai ci naka, ka sha hanya, ka gaji."

Matashin nan mai butik ya yi mana wa'azi mai kyau, ban rage mishi ba. Ya ce wanga zance duk shirka ne, ba mai kashewa ba mai rayawa sai Allah, abin da anka yi wa tsohuwar nan zalunci ne. Na ji sanyi a raina. Na tura mishi kwano.

"Bismilla, ustazu."

Ya dubi miyar. "Kawu, majo ya hana ni daddawa."

"Ta kwanon liman da ka side yanzu fa? Turare anka sa?"

Ya shafa gemu, ya rage murya. "Kawu, wallahi ni ban yarda da maita ba. Amma mutum shina kiyaye kansa."

Na ci abinci a gefe a ƙasashen mutane. A wani gari na hamada an taɓa ba ni ruwa a gwangwani, da na sha anka shure gwangwanin da ƙafa. Ban ji zafi sosai ba, na ce ai ba su san ni ba. Waɗanga kuwa tare anka yi mana kaciya.

Sai na riƙa cin abin da zan iya, in juye saura wa karnukan bayan masallaci, in kai kwano gida wayam. Wata rana na manta ban juye ba. Maiɗakina ta buɗe, ta daɗe tana kallo.

"Hannu ɗaya ne ya ci tuwon ga," ta ce. "Na san sawun yatsunka."

Ita ma tana da nata da ta ɓoye mini. Ƙosanta ba mai saye sai fasinjan manyan motoci da ba su san mu ba. Ɗiyarmu kuwa a lakwal ita kaɗai ke zaune kan tebur na mutum uku, mushe, malaminsu, ya yi faɗa ya gaji. Ba a jima ba wan maiɗakina ya zo daga Tibiri kan babur. Ya ƙi shan ruwa, ya ce ya sha a hanya. Ya ce in an gama girbi zai zo ya ɗauki ƙanwarsa da yara, su je su huta kwana biyu. Na san irin wannan hutu. Ba a dawowa daga shi.

Ban faɗa wa Inna ko ɗaya ba. Na kai mata kwanonta kamar kullum, na zauna bakin ƙofa ina ba ta labarin wani direba ɗan Lome da ya auri mata a kowace tasha. Ba ta yi dariya ba.

"Acici, wa ke cin tuwon matarka?"

"Kowa, Inna. Har faɗa ake."

"Danga ce tsakaninmu, ba dutsi ba. Ina jin kukanta in tana wanke kwano."

Na ce to, mu tashi duka, ni da ita da iyalina, mu koma Gaya ko Kwatano. Ta ce, "Ina za ka da ba ɗan Arewa, mutumin ƙasarmu? Kai da bakinka ka ce mini ko Abijan a tasha ka tarar da su. Kafin ka sauke kaya labari ya sha ruwa ya huta." Ta miƙo mini kwanon, ta ce in tafi, tana son ta yi tunani.

Washegari bayan magariba muna zaune, an turo mini kwanona, sai ga ta da sandarta. Mata ba su zuwa wurin ciyayya. Ta tsaya nesa kaɗan, inda hasken fitilar masallaci ya ƙare. Na ga maza suna janye ƙafafu, wani na motsa baki da addu'a.

"Salamu alaikum, maza. Malam, kai nake so ka ji, sauran su zama shaida. Na ji ana cewa wanga ɗana ne. Ni ɗa guda na haifa, hamada ta riƙe shi. Wanga ban taɓa sa mishi nonona a baki ba."

"Inna!"

"Rufe mini baki. Innarka tana kushewa." Ko kallona ba ta yi ba. "Jar akuyar kakansa ce ta shayar da shi. Ni ɗaukarsa nake in rufa da zane, in ɗura mishi da ludayi, don kar a ce jikan gidan ya sha dabba. Asirinsu na rufa. Ku dube shi mana. Wanda ya sha nonon mutum shina yawo haka? Ba garin da bai sa baki a shararsa ba."

Wani ya yi dariya ta hanci, ya haɗiye.

Na miƙe. Na ce, "Malam, ba gaskiya ba ne, kai shaida ne." Liman shi ya yanka ragon sunana. Shekara biyu yana shiga gidanmu yana ganina a ƙirjinta.

"A kawo Alƙur'ani in dafa," in ji Inna. Matar da ban taɓa ganin salla ta wuce ta ba, ko ranar da anka fiddo gawar mijinta daga rijiya.

Liman ya sunkuyar da kai, shina jan tasbaha. Ya dube ta, ya dube ni, ya dubi kwanona da ke rufe. 

"Ba sai an kawo ba," ya ce. "Na tuna da akuyar. Ja ce, mai farin goshi."

Sai wani tsoho ya gyara zama. "A'a Malam, ba farin goshi ba, farar ƙafa. Ta taɓa cinye mini rama." Wani ya ce ai shi ya san ɗan bunsurun da ta haifa. Gardama ta kaure a kan akuya, kowa da abin da ya tuna. Kakana tumaki ya yi kiwo duk rayuwarsa. Ya tsani awaki, ko ta maƙwabta ta shigo sai ya jefe ta da takalmi.

Ba wanda ya tambaya yaya anka yi maganar mayya ta zama abin yarda. Taubashina ya jawo kwanona, ya buɗe, ya dube ni, ya yi kukan akuya mai tsawo, ya sa hannu. Idonsa da hawaye, ban sani ba ko na dariya ne. Hannuwa sunka biyo. Mai butik ma ya matso, da alama majo ya janye dokar daddawa. Inna ta tsaya har ta ga hannuwa cikin kwanon, sannan ta juya.

Da safe na je in ɗaga zana, na tarar ta ɗaure ta da igiyar rijiyar mijinta. Na zagaya ta ƙofa. Tana ganina ta ɗaga murya yadda layi duka zai ji: "Ɗan akuya, mi ka zo nema? Fita mini daga gida!" Sannan ta matso, ta yi ƙasa da murya.

"Acici, ƙaryar ga da furfurata na yi ta, gaban liman, na sa shi ma ya yi. In ka sake shigowa ka zubar mana da ita."

"Mi za ki ci, Inna?"

"Abin da nake ci kafin a haife ka. Tafi."

Na aza kwano bisa danga da yamma, da safe na tarar da shi a gefenmu, ba a buɗe ba. Na sake, ta sake. Rannan ta jefo shi da ƙarfi har tuwon ya watse, ta bi ni da zagi don maƙwabta. Maiɗakina ce ta samo hanya. Sai ta riƙa yada ƙullin gari ko ƙosai gindin danga, kamar faɗuwa ya yi. Wani lokaci a ɗauka, wani lokaci kaji su riga ta. Ina hangenta ta ramukan zana tana tafasa ganyen tafasa, tana ƙanƙancewa. In na yi tari daga gefena, ita ma ta yi tari daga nata. Gaisuwarmu ke nan.

An gama girbi, wan maiɗakina bai zo ba. Ƙosai ya koma ƙarewa kafin hantsi. Ɗiyata ta samu abokan zama a tebur, suna yi mata kukan akuya, tana rama musu da duka, ta dawo gida da murna.

Cikin bazara wata safiya na yi tari, ba a amsa ba. Na yanke igiyar.

Matan unguwa kowace ta samu uzuri. Maiɗakina da matar liman, tsohuwa, sunka yi mata wanka. Mazan da sunka bi makara ba su cika sahu ba. A bakin kabari liman ya ce danginta su shiga su karɓe ta. Ba dangi. Kowa ya dubi ƙafarsa. Na cire takalmi na sauka. Da anka miƙo mini ita, ba ta kai nauyin damin kara ba. Na kwantar da ita, na juya fuskarta gabas.

Liman ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Allah ya ba ka ladan maƙwabtaka."

Na ɗago kai, na buɗe baki in ce uwata ce. Ya duƙo, ya danne kafaɗata da hannunsa.

"Karɓi itace," ya ce.

Na karɓa, na jera.

Liman ma ya bi ta tuni. Kwanona har yau shi ake fara buɗewa. Kwanan baya jikata, ɗiyar waccan ɗiya tawa, ta hau cinyata ta ce in faɗa mata gaskiya, akuyar da ta ba ni nono farin goshi gare ta ko farar ƙafa, don ta ji duka biyu. Na ce ina ƙarami lokacin, ban riƙe launinta ba. Abin da na sani, baƙuwa ce, daga arewa anka kawo ta, kuma ba wanda ya roƙe ta.